Madubin da Aka Bari a Wata

Akwai wani ɗan Azare mai suna Gidaɗo da ke karatun ilimin taurari a Alƙahira. Yana zaune a unguwar Ard al-Liwa. In ya taso daga jami'a sai ya wuce kasuwar Ataba, zuwa shagon wani dattijo Bahaushen Sudan, Baba Abdulbasit, mai gyaran tabarau da madubin hangen nesa, ya taya shi aiki.

Binciken Gidaɗo a kan wani madubi ne da 'yan sama-jannati suka ajiye a doron wata tun 1969. Da can in ka kuskura ka tambaye shi labarin madubin nan, to shayinka sai ya huce a hannunka.

Ana haka 'yarsa Ummi ta rasu a gida. Zazzaɓin kwana uku, shekararta biyu. Kafin labari ya iso shi an riga an kai ta makwancinta.

Gidaɗo bai yi kuka ba. Abokan karatu suka zo gaisuwa, ya amsa yadda ake amsawa. Washegari ya hau mota ya tafi aji. Yana ci, yana salla, yana goge gilasai, amma komai ya zame masa ɗaya. Ko an zuba sukari a shayi ko an manta, ba ya ganewa.

Matarsa Nana Fatima kuwa kullum sai ta turo saƙon murya. Na farkon kaɗai ya buɗe. Yana jin ta ce "Baban Ummi" ya kashe, bai sake taɓa ko ɗaya ba. Ba fushi yake da ita ba. Ya dai duba cikinsa ne bai ga abin da zai faɗa ba. Saƙonni suka taru har tamanin da uku.

Wata Alhamis yayanta Ukasha ya rubuto masa: "Gobe bayan la'asar zan zo in ɗauke ta. Babanmu ya ce ta dawo gida tunda ba ka da ta cewa."

Gidaɗo ya karanta sau biyu. Ya san in ta fita a kan haka, dawowarta da wuya. Ya kife wayar, ya ci gaba da ɗaure wani tabarau.

Ranar Juma'a da suka dawo daga masallaci, Baba Abdulbasit ya dube shi ya ce, "Ya waladi, ɗana, ina labarin gida?"

Gidaɗo ya faɗa masa komai, da muryar da yake faɗa wa mai saye farashi. Dattijon bai yi masa wa'azi ba. Ya zuba shayi, ya ja kujera.

"Madubin naka fa? Ka kwana biyu ba ka dame ni da shi ba. Yana aiki har yau?"

"Yana yi, Baba. Sauran na'urorin da aka bari an kashe su tun tuni. Shi ba ya cin wuta. Ajiye shi kawai aka yi yana fuskantar duniya."

"To aikin me yake yi?"

"Daga nan ake harba masa haske, shi kuma ya mayar. Daƙiƙa biyu da rabi, zuwa da dawowa."

"Duka yake mayarwa?"

"Ina! Ƙwayoyin hasken da ake aikawa sun fi ƙarfin ƙirga. Abin da ke dawowa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Wani lokacin ma babu."

"Ɗayan nan ya ishe su?"

"Ya isa. Da shi suke sanin madubin na nan, da shi suke auna nisan wata. Har sun gano kowace shekara yana ƙara nesa da mu, kamar faɗin yatsu biyu."

Baba Abdulbasit ya ajiye kofinsa.

"Tamam, haka ne. Gilashi ne ba rai, yana kwance cikin ƙura sama da shekara hamsin, ba mai goge shi, amma yana mayar da ɗaya. Kai an aiko maka tamanin da uku. Ma'alish, ka yi haƙuri ya waladi, ni ban yi karatu ba, sai dai na san yarinyar nan ba kai kaɗai ta rasu ta bari ba. Ka taɓa yi wa uwarta gaisuwa?"

Gidaɗo ya tsaya da tsumma a hannu. Ya karɓi gaisuwar mutum sama da ɗari, amma wadda yarinyar ta cika a cinyarta bai ce mata uffan ba. Sai yanzu abin ya faɗo masa.

A Alƙahira an kira la'asar, a Azare kuwa da saura. Ya ɗauki wayar, ya danna wurin ɗaukar murya, ya kasa. Ya sake dannawa, nan ma shiru. Ƙirjinsa na nan yadda yake, ba zafi ba sanyi.

"Ba na jin komai, Baba."

"Ban ce ka ji ba. Na ce ka mayar. Yalla, maza."

Gidaɗo ya kai wayar bakinsa. "Nana, ya haƙurinmu?" Iyakar abin da ya fito ke nan, ya tura.

Nan take alamar ta nuna an saurara, kamar dama wayar na hannunta. Can sai ga amsa. Wannan karon ya buɗe. Da farko numfashinta kawai ake ji, da ƙarar mota a ƙofar gida; ashe Ukasha bai jira la'asar ba. Sannan ta ce, "Baban Ummi, ashe kana nan." Sai ya ji ta ɗaga murya, ba da shi take ba: "Yaya Ukasha, sauke jakar."

Gidaɗo ya zauna a kan benci. Har yanzu hawaye bai zo ba. Ya ɗauki shayin da ya huce ya kurɓa, ya ce, "Baba, sukarin nan ya yi yawa." Daga nan ya koma kan saƙo na biyu ya danna.

Darasi: In baƙin ciki ya daskarar da kai, kada ka jira sai ka samu kalmomi masu yawa kafin ka amsa wa mai nemanka. Kalma ɗaya ta isa ta shaida masa kana nan, shiru kuwa kullum ƙara nisa yake yi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san ya daina amsa waya tun bayan wani rashi.