Ranar Da Maureen Ta Katse Wasan Ƙarshe

Akwai wani gidan rediyo a garinmu, can arewacin jihar Victoria, da kowa ke kira Tsohuwa. Marigayi Frank Doolan ne ya kafa ƙarfen eriyarsa a makiyayar tumakinsa bayan yaƙi, don mutanen gonaki su riƙa jin wasan ƙwallo da tseren dawaki. Sababbin tashoshi sun zo da sauti garau, amma da ka haura tudu sai su ɗauke. Tsohuwa kuwa, da ƙarar shuuu ɗinta, har bayan dutse tana kaiwa.

Da Frank ya rasu, 'yarsa Maureen ta gaji gidan. Ta kuma gaji Trevor Maddigan, mai sharhin da ya tsufa a bakin makirufo. Gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. Har Maureen ta yi furfura bai daina ce mata "yarinya" ba.

Wata shekara ƙungiyar garinmu ta kai wasan ƙarshe, abin da rabonmu da shi tun muna 'yan makaranta. Fari ake yi, ciyawa ta bushe ƙarau. Motoci sun zagaye fili, ana ci sai a danna oda.

Ana zangon ƙarshe, muna gaba da ƙyar, shugaban 'yan kwana-kwana ya kira Maureen. Iska ta juya, wutar daji ta nufi gonakin bayan dutse, kuma ta cinye turken waya. Rediyo kaɗai ya rage.

Maureen ta hau ɗakin sharhi da gudu, ta dafa kafaɗar Trevor. "Trev, tsaya. Wuta ce, sai an yi sanarwa yanzu."

Ya ture hannunta. "Yarinya, tun kina rarrafe nake jiran wannan rana. Kullum wuta, wuta. Su jira a tashi wasa, ba wanda zai mutu."

"Ba su da lokacin jira."

"Ubanki bai taɓa katse ni ba."

"Ubana ba ya nan."

Ta fizge wayar makirufonsa, ta jawo ɗayan. Ta fara kiran sunayen hanyoyin da wutar ta nufa ɗaya bayan ɗaya, tana cewa a bar komai a taho zauren gari. Masu saurare a motoci suka fara zagi, wani ya jefo gwangwanin giya a tagar.

Sai ta ambaci hanyar Stony Creek.

Trevor ya daskare. Nan gidansa yake, kuma matarsa Bev ta zauna jinyar mahaifiyarta da ba ta iya tafiya. Ya kira wayarta, shiru. Ya sake kira, shiru.

An dakatar da wasa. Trevor ya tsaya a ƙofar zaure yana leƙa kowace mota, sama ta yi ja, toka na zuba masa a kai. Maƙwabtansa suka iso, ba Bev. Ba wanda ya iya kallon idonsa.

Can sai ga tsohuwar akori-kurarsu, fentin gefe ɗaya ya kumbura don zafi. Bev ta fito, fuska baƙi ƙirin da hayaƙi, mahaifiyarta na kwance a kujera. Gidansu ya ƙone, karnukansu ma.

Ya miƙa hannu zai rungume ta, ta ja baya.

"Makirufonka a buɗe yake, Trev. Ina kicin na ji ka. Ka ce mu jira."

Ta wuce shi, ta je ta riƙe hannun Maureen.

Asabar ta gaba Trevor ya nemi gafarar gari a rediyo, ya kira Maureen da sunanta. Mutane sun yafe. Bev ta daɗe kafin ta sake kunna rediyo in yana magana.

Darasi: Duk gwanintarka, kada girman kai ya toshe maka kunne idan ana maganar ran mutane, domin ba ka san wa ke cikin waɗanda ka ce su jira ba. Tura wa wani wannan labari, wataƙila yau yake bukatar jin sa.