Zayyanu da Sanshi

Akwai wani manomi ga Marnona, sunanshi Zayyanu. Ƙarfi gare shi, kuma ya san da haka. Buhun albasa shi ɗai yake ɗora ma kanshi.

Saura wata guda ruwa ya sauka, amalankenshi ta kife bisa hanyar gona. Sanshi na huɗa ya gurɗe ƙafa, shi kuma naman cinyarshi ya yage daga ciki. Rana guda, wuri guda.

San ya kwanta ya ƙi tashi. Ƙafar ta kumbura ta yi zafi. Zayyanu ya tsaya kanshi yana dariya.

"Rago! Ga huɗa tafe, kai kana kwance. Dube ni."

Ya sayo ƙwayoyin ciwon jiki, masu sacce kumburi. Biyu da safe, biyu da rana, biyu da marece. Ciwo ya yi shiru, ya koma dako.

Kwana goma sha biyu, yana tsakar ɗaga buhu, cinyar ta sake yagewa. Bisa mashin anka kai shi asibiti.

Malamar asibitin, Nafisa, ta taɓa wurin ta ce, "Baba, mi ka sha?"

Ya nuna mata kwalayen. Ta yi salati.

"Baba, kumburin nan da ka tsana, aiki ne. Nama in ya yage, jini yana turo masu gyara, su kwashe ruɓaɓɓen, sannan a saƙa sabo zare-zare. Zafin kuma mai gadi ne, yana ce ma dakata. Magani kaɗan na kwana biyu da shawarar likita ba laifi. Kai ko ka takura ma masu gyara, ka rufe ma mai gadi baki, ka ɗora buhu bisa ginin da bai bushe ba."

Zayyanu ya daɗe yana kallon cinyarshi. "Duk wanga aiki cikin jikina, ban sani ba?"

"Ko kana barci ana yi."

"Ɗiyata, rage min. Sati biyu."

"Ba ni ke yanke ba, Baba. Sati shida, in ka kiyaye."

Jama'a, ni mai ba ku wanga labari, da mai tumatir ke tattara kaya in ya hango ni don tsabar neman ragina, na san ciniki. Amma wurin warkewar jiki ba a tayawa.

Ran da ruwa ya sauka, san ya miƙe garau, bai sha ƙwaya ko ɗaya ba. Maƙwabci Isma'ila ya riƙe garma. Zayyanu na zaune bakin gonarshi da sanda, yana kallon ƙafar san nan tana taka ƙasa da ƙarfi.

Da sunka zo juyawa kusa da shi, ya miƙa hannu ya shafa wuyan san.

"Subhanallahi," ya ce. "Ashe kai ne mai hankalin."

Darasi: Ciwo ya yi shiru ba shi ne an warke ba. Allah Ya sa mai gyara cikin jikinka, ka ba shi lokacinshi, kuma kar ka sha magani barkatai ba da shawarar likita ba. Ku tura ma duk mai ƙarfin da kunka sani, tun bai zauna bakin gona ba.