Mutumin da Ya Rantse a Ƙofar Makaranta

Ya 'yan uwa, yau a kan shaidar zur za mu tsaya. Da yawanku kuna zaton sai a gaban alƙali ake yin ta. A'a. Duk inda aka dogara da bakinka, ka buɗe shi ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, to ka yi ta, ko a kasuwa ne ko a ƙofar makaranta. Malamai sun jera ta cikin manyan zunubai, ba su jera ta don wasa ba. Ku gyara zama ku ji abin da ta yi wa wani.

An yi wani mutum a ɗaya daga cikin gungunan da ke tsakiyar ruwa ta wajen Ngaski. Sunansa ba za a faɗa ba, don yana raye. Masunci ne, yana da jirgi mai inji da yake fito da shi zuwa Yelwa ranar kasuwa. Mutumin kirki ne a idon kowa. In masunta biyu suka yi rigima kan wurin jefa koma, shi ake kira, kuma abin da ya faɗa shi ke nan.

Yana da ɗiya, Hajara, tana ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata kusa da Yelwa. A danginsu kaf ba a taɓa samun ɗiya mace da ta kai wanga matsayi ba. Uban ba ya zama a majalisa bai sako zancenta ba, har abokansa suna yi masa ba'a, suna cewa ko kifi ya kama sai ya ba shi labarin Hajara kafin ya sa shi a kwando.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe makarantu wata da watanni. Da damina ta yi nisa aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma su rubuta jarrabawar fita. To amma fa ga matsala. Gwajin cutar nan sai an zura wa mutum wani tsinke mai auduga a hanci, a rufe shi a kwalba, a kai Birnin Kebbi a duba. Tsinken kuwa ya yi wuya a ƙasar nan kamar ruwa a rijiyar bazara. 'Yan mata ɗari da ashirin za su dawo, tsinke takwas aka kawo.

Shugabar makarantar, Malama Hafsat, mace ce mai hankali. Ta tara iyaye a inuwar darbejiya, kowa da takunkumi a baki, ta ce musu takwas ba za su ishi ɗari da ashirin ba, don haka sai bakin mutanen kirki ya tsaya a madadin tsinke. Kowane ƙauye ya fitar da mutum ɗaya da aka yarda da shi, ya bi gidajen ɗalibai, ranar dawowa ya tsaya a ƙofa ya faɗi abin da ya gani. Yarinyar da aka ce tana zazzaɓi ko tari, ita za a yi wa gwaji, a ware mata ɗaki, kuma a ɗakin za ta rubuta jarrabawarta. Ba wadda za a kora. Ta faɗa, ta maimaita.

Mutanen gungu ba su yi doguwar shawara ba. Wa za a zaɓa in ba shi ba?

Saura kwana biyu a koma, Hajara ta tashi da zafin jiki. Uban ya ce zazzaɓin damina ne, wa sauro ya bari a gungu? Da hantsi ta lallaɓa ta zauna gadin bandar kifi. Kifi ya ƙone ƙurmus a gabanta, ƙauri ya cika unguwa, har maƙwabta suka leƙo, ita kuwa tana zaune ba ta ji komai ba. Kakarta, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ɗebo daddawa ta kai mata hanci. Yarinya ta girgiza kai.

Wanga mutum yana da rediyo a jirgi. Ya ji an faɗa ba sau ɗaya ba cewa ɗaukewar jin wari alama ce. Ya sani, ya 'yan uwa. Kada wani ya ce rashin sani ne.

Inna ta kira shi ɗakinta. Ta ce masa tunda shi aka ɗora wa amana, ya je ya faɗa, a duba 'yar nan. Ya ce a bakin gulbi ana cewa duk wanda aka zura wa tsinken nan, mota ke zuwa ta ɗauke shi, sai bayan jarrabawa ya dawo. Ta ce ai shugabar ta faɗa da bakinta ba haka ba ne. Ya ce maganar 'yan boko daban, aikinsu daban. Shekara shida yana fito da yarinyar nan, rana da ruwa, ba zai bari kwana goma su cinye shekara shida ba.

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Ɗana, mai ɓoye ciwonsa, ciwo ke ɓoye shi."

Ya ce, "Inna, ki yi mana addu'a kawai."

Ranar komawa ya ɗauki 'yan mata huɗu na gungun a jirginsa. Da suka hango Yelwa ya miƙa wa Hajara farasitamol biyu, ya jiƙa gefen mayafinta da ruwan gulbi ya ce ta dafa a goshi, saboda ya san a ƙofa akwai 'yar bindigar nan ta auna zafi da ake ɗora wa mutum a goshi. Ya ce mata in an tambaye ta, ta yi shiru, shi zai amsa. Yarinya mai biyayya. Ta yi shiru.

A ƙofa aka auna ta, bindiga ba ta yi kuka ba. Malama Hafsat na zaune da takarda. Kusa da ita akwai wata dattijuwa mai kula da ɗakunan kwana, Mama Deborah, mutuniyar wani ƙauye ta wajen Shanga. Ita ta karɓi Hajara tun tana 'yar aji ɗaya mai kukan gida, ita ta koya mata wankin yunifom da ɗinkin maɓalli. Ta saba da uban, suna wasa. Da ta gan shi ta ce yau Sarkin Ruwa ya zo hannu rabbana, ko kifayen ma an sa musu dokar zaman gida? Ya yi dariya ya ce nata na nan tafe, sai dai ta rage gishiri.

Sai ta sassauta murya. "Baban Hajara, ka san ni tsohuwa ce mai ciwon suga. Malama ta ce in tafi gida in huta, na ce ba zan bar 'ya'yana a bakin jarrabawa ba. In akwai wani abu a wajenku, faɗa mini in koma yau."

Ya ce, "Wallahi, Mama, gungunmu lafiya lau. Ko atishawa babu."

Ba wanda ya ce ya rantse. Shi ya ƙara da kansa.

Magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Malama Hafsat ta rubuta. Wasu wakilan sun faɗi gaskiyar ƙauyukansu, wannan na mura, waccan na tari, aka yi wa takwas gwaji a ranar, motar asibiti ta tafi da kwalabe. Bayan kwana huɗu sakamako ya dawo, duka takwas ba komai. Tsinke ya ƙare a kan masu lafiya, mai ciwon tana kwance a ɗaki ɗaya da 'yan mata talatin.

Kwana na uku Hajara ta faɗi a layin karin kumallo. Mama Deborah ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Ta ce tunda ubanta ya rantse, wannan zazzaɓin sauro ne. Ta goge mata jiki, ta ba ta kunu a baki, ta kwantar da ita a kan gadonta. Malama Hafsat ta aika a nemo tsinke ko ɗaya, aka ce a jira. Ta sake aikawa, aka ce a jira. Kwana tara ana jira.

Mu koma gungu. Kwana biyar da rantsuwa, Inna ta fara tari. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya, in ta tashi alwala sai ta dafa bango. Matarsa ta ce a sa ta a jirgi a kai ta asibitin Yelwa. Ya ce a dakata. Me ya sa? Ba rashin mai ba ne, ba rashin so ba ne, ya fi kowa son uwarsa. Amma in ya kai ta, za a tambaye shi daga ina, za a tambaya wa ya fara a gidan, labari zai isa makaranta kafin la'asar. Ga jarrabawa saura kwana kaɗan. Ya kawo sassaƙe, ya kawo turare, ya ce gobe za ta ji sauƙi.

Kun gani? Ƙarya ba ta zama ita kaɗai. Kamar ƙugiya take, in ta shiga sai ta ja nama. Mutum ya ƙulla ta don ya tsare ɗiyarsa, ta juyo ta ɗaure masa hannu a kan uwarsa. Kwana uku yana kallon wadda ta haife shi tana kokawa da numfashi, ga jirgi a ɗaure a bakin ruwa, da mai a ciki.

Rana ta huɗu, da leɓɓanta suka canja launi, ya ɗauke ta a guje. Da azahar ne, gulbi ya cika, inji na iya ƙoƙarinsa. Sun kai inda ake hango rumfunan masu kifi na Yelwa sai matarsa, wadda ke riƙe da kan tsohuwa a cinya, ta ce masa ya rage gudu. Ya gane Inna ta cika. Ya kashe inji. Ya juya jirgi da filafili.

Ana zaman makoki labarin makaranta ya iso. Tsinke ya samu a ƙarshe, an gwada Hajara da wasu, cutar ce. 'Yan mata goma sha bakwai sun kwanta, da malamai biyu. An rufe makarantar saura kwana ɗaya a fara jarrabawa, kuma ba a buɗe ba sai da aka gama ta. Yaran dai ƙuruciya ta taimake su, Allah ya tashi kafaɗunsu. Mama Deborah kuwa an kai ta asibiti, ta yi kwana shida, ba ta fito da ƙafarta ba.

Ranar da aka gaya wa Hajara rasuwar Mama Deborah, ba wanda ya tuhume ta. Ita da kanta ta je ofishin Malama Hafsat ta durƙusa, ta faɗi zancen banda, da ƙwaya biyu, da jiƙaƙƙen mayafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin sati ya zagayo, daga Yelwa har Shanga ba inda ba a ji ba.

Da ya je ɗauko ta, bai ga fushi a fuskarta ba, kuma da ya gani da ya fi masa sauƙi. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta shiga jirgi ta zauna can gaba. Suna tsakiyar ruwa ya fara cewa duk abin da ya yi dominta ya yi. Ta ce, "Baba, a kan gadonta ta kwantar da ni, ita ta kwana a tabarma." Haka suka isa gida. Da shekara ta zagayo aka ce waɗanda suka rasa jarrabawa su dawo. Ƙawayenta suka koma. Ita ta ce ƙafarta ba za ta iya taka ƙofar nan ba. Ya roƙe ta, ya sa aka roƙe ta, ta ƙi. Ta nemi izini ta koma wajen gwaggonta a Ngaski, tana can.

Ya yi ƙarfin hali ya tafi ƙauyen Mama Deborah gaisuwa. Mijinta, wani tsoho manomi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa. Mutumin ya fara neman gafara. Tsoho ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ni na yafe, haka aka koya mana. Abu ɗaya ke damuna. An ce ta tambaye ka."

Ya ce ta tambaya.

Tsoho ya ce, "To sha ruwanka."

Ya 'yan uwa, wa ya gaya muku ƙarya na tsare ɗa? Da ya buɗe baki a ƙofar nan ya ce ɗiyata ba ta jin daɗi, me zai rasa? Tsinke ɗaya cikin takwas nata ne, ɗaki na jiranta, takardar jarrabawa za a kai mata har inda take. Mama Deborah ta koma gida a ranar, uwarsa kuma a kai ta asibiti da rana tsaka ba tare da jin kunyar kowa ba. Cuta daga Allah take, ba a zargin wanda ya kamu. Rai ma yana da ajalinsa. Amma rantsuwar nan ba daga sama ta faɗo ba, daga bakinsa ta fito, kuma ita za a tambaye shi. Lokacin da kayan gwaji suka yi ƙaranci, jama'a ba su da abin da za su auna da shi sai gaskiyar junansu. Wanda ya ɓata wannan, ya fi mai zuba guba a rijiya ɓarna. Garin neman gira ya rasa ido.

Yanzu ku ƙirga tare da ni. Ya rasa uwarsa, ga jirgi a ɗaure kwana uku. Ya rasa ɗiyarsa, tana raye amma ba ta gidansa. Jarrabawar da ya yi rantsuwa dominta ba a rubuta ba, ba ita kaɗai ba, har 'ya'yan mutane ɗari da goma sha tara da suka yi asarar shekara. Ran baiwar Allah da ta riƙe masa ɗiya shekara shida yana wuyansa. Bakinsa kuwa ya mutu ya bar shi. Kwanan baya aka ɗaura aure a gungun, liman ya ce a ba shi shaidu biyu, mutumin yana zaune a sahun gaba. Liman ya ɗaga kai ya tsallake shi, ya kira wani daga baya.

Allah ya tsare harsunanmu a ranar da aka dogara da su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar da ba a nema ba. Amin.