Ƙanzon Iya Tabawa

Ku matso ku raba mana, don gardamar nan ta fi ƙarfin gidanmu.

Kakarmu Iya Tabawa ta yi tuntuɓe da wani rami a daɓen kicin, ta zube da tukunyar miya. Ba ta karye ba, amma babban ɗanta Kawu Mamuda ya gyara murya kamar mai shela: "Iya, daga yau ke da girki sai kallo."

"Kallo? Ni da na ciyar da kai har ka ajiye wannan tumbin?"

Da ƙyar ya sassauta, ya ce in an gyara ƙasan yadda ba za ta sake faɗuwa ba, sai ta koma girki. Jikokinta uku suka miƙe.

Hansatu ce ta tafi kasuwa zaɓen ledar shimfiɗawa a ƙasa, da kwalbar man gyaɗa da silifas ɗin Iya a jaka. Duk wadda aka warware mata sai ta ɗiga mai, ta taka da silifas, ta kankara da cokali. Mai shago yana ta "Haba Hajiya! Mai ƙyallin nan ai ita amare ke rububi!" Ta ce, "Malam, amaryar tamu ta haura saba'in." Ta dawo da mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda ko an jiƙa ba ta santsi.

Ɗanlami ya hana a shimfiɗa. Ya ce in leda ta hau kan rami, ƙafar kujera ma huda ta za ta yi. Ya fitar da kaya, ya cike ramuka da siminti, ya shafe sumul, ya zauna gadin ƙofa har ya bushe. Iya tana leƙe tana mita: "Maigidana, da yunwa za ka kashe matarka?"

Balaraba kuwa ba ta je kasuwa ba, ba ta taɓa siminti ba. Ana shirin shafa gam ta ce a dakata. Ta san hali: duk rantsuwar da Iya ta yi cewa da gas za ta riƙa girki, ana juya baya za ta hura gawayi, kuma garwashi ɗaya ya isa ya ɓula leda. Ta sa aka bar kusurwar taga siminti zalla, aka danne bakin ledar don kada ya harɗe ƙafa. Iya ta ce, "Sharri dai, 'yar nema!" Washegari murhun gawayi yana kusurwar.

Kawu ya zo, ya watsa ruwa, ya taka, ya ɗan yi tsalle da tumbinsa, ya ce, "To, Iya, bismilla."

Ranar ta yi mana dafa-duka, muka ci har da suɗe kwano. Al'adarta kuwa, ƙanzon gindin tukunya ba a raba shi, na wanda ya fi faranta mata ne. Ga shi can ta kankaro a faranti, su ukun sun zuba masa ido.

To, jama'a, Hansatu, Ɗanlami ko Balaraba, wa za a miƙa wa?