Akushin Nomau

'Yan'uwa, bari in fara da faɗa muku gaskiya: wani sashe na wannan labari ya kuɓuce mini. Sunan garin ya tafi. Na san dai akwai rafi gabas da shi, amma garuruwan da na zauna ina koyarwa, kusan kowanne da rafinsa. Sunan maigidan da zan ba ku labarinsa ma na yi ta nema tun shekaranjiya, har na haƙura. Ba kome. Abin da ya rage a kaina ya ishe mu darasin yau.

Akwai wani mutum, manomi, mai rufin asiri daidai gwargwado. A maƙwabtansa akwai wata tsohuwa gwauruwa mai 'ya'ya biyu. Babban, Ishaya, yana birni yana tuƙin mota. Ƙaramin, Nomau, shi ne yake tare da ita. Nomau ya girma har gemu ya cika masa fuska, ƙarfi kuwa ya fi yawancin mazan garin, amma fahimtarsa a hankali take tafiya. In an aike shi abu biyu, ɗaya zai kawo. Maganarsa gajeruwa ce. Sai dai abin da ya shiga kansa ya shiga ke nan, ba ya fita.

A garin nan ana ciyayya. In rana ta faɗi, kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan manomin nan, a taɓa na wannan, a taɓa na wancan, ana hira. Tun rasuwar mahaifinsu, Nomau ne yake fitowa da akushin gidansu.

Wata shekara, bayan an gama shuka, tsohuwar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Da aka yi jana'iza, Ishaya ya ja manomin gefe ya ce, "Baba, dole in tafi da shi. Amma ni da matata tun safe muke fita aiki. Sai dai in riƙa kulle shi a ɗaki, kada ya fita ya ɓace."

Manomin ya ce, "Mutumin da ya saba da fili, ka kulle shi? Bar shi a gidana."

Ishaya ya ce, "To, zan dawo bayan kaka. In na same shi lafiya, shi ke nan. In ba haka ba, zan ɗauke shi. Ba zan yarda a ce na yar da ƙanena ba."

Manomin ya gyara wa Nomau ɗaki kusa da nasa. Da yake mutum ne mai kiyaye sunansa, ya je rumbun tsohuwar, inda sauran dawarta take, ya kwaɓa laka ya liƙe bakinsa, kada wani ya ce don hatsi ya ɗauki maraya. Ya kuma hana a sa Nomau aiki, kada a ce ya sami bawa a ɓagas. Ya ce wa matarsa Rifkatu ta riƙa zuba wa Nomau abinci mai kyau, ya ci a cikin gida cikin natsuwa.

Rifkatu ta yi yadda aka ce. Ta zuba, ta sa man shanu, in akwai nama ta tsamo masa mai tsoka. Nomau ya dubi kwanon, ya gutsuri loma ɗaya ko biyu, ya rufe. Washegari ma haka. Aka ce baƙin cikin rashin uwa ne, zai wuce. Matan ikkilisiya suka zo, suka yi addu'a, suka kawo kunu. Ya sha kaɗan don kunya. Manomin yakan ce masa, "Taso mu fita wurin maza," sai ya girgiza kai.

Damina ta yi nisa, Nomau ya rame, wuyansa ya fito, wandonsa sai da igiya. Rifkatu ta tare mijinta ta ce, "Maigida, ko hannuna ne ba ya so? Na sauya miya, na sauya tuwo. In wansa ya zo ya gan shi haka, me za mu ce?"

Ya ce, "Ni ma abin da yake hana ni sukuni ke nan." Gama ya san in Ishaya ya ga wannan rama, ba wata magana da za ta hana shi tafiya da ƙanensa zuwa ɗakin nan mai kwaɗo.

Wata rana da yamma, maza sun taru a tabarma, manomin ya tuna bai fito da ruwan wanke hannu ba. Ya koma. Yana shiga zaure, sai ga Nomau tsaye bayan ƙofa, yana leƙen masu cin tuwo. A hannunsa akwai akushin uwarsa, ya wanke shi tas.

Manomin ya ce, "Nomau, me kake yi a nan?"

Ya ɗaga akushin ya ce, "Ba kome ciki."

"To, zo ka ci namu mana."

"Inna ta ce namiji ba ya zama a tabarma hannu wofi."

"Bari Rifkatu ta zuba maka daga tukunyarmu."

Nomau ya girgiza kai. "Wannan naka ne. Ka riga ka kai."

"To, ina naka?"

Nomau ya nuna ta kan katanga, wajen rumbun uwarsa. Ya ce, "Ka rufe."

Manomin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ɗauki ruwan ya fita, amma a daren nan shi ma tuwo bai wuce masa ba.

Gari na wayewa ya kira maƙwabcinsa Habila maƙeri, mutum mai barkwanci, ya ce ya zo ya zama shaida. Suka tafi da Nomau wurin rumbun. Da Habila ya ga manomin ya ɗauki gatari zai fasa lakar, ya ce, "Ka san dai za a yi magana. Za a ce ka ci hatsin maraya."

Manomin ya ce, "A ce. Na tsare sunana, mutum yana ƙarewa a gidana. Ya isa haka." Ya fasa. Ya ce, "Nomau, shiga ka ɗebo naka."

Nomau ya shiga ya fito da dami. Shi ya yi sussuka da kansa, shi ya kai niƙa. Manomin ya roƙi matarsa ta tuƙa garin nan dabam. Rifkatu ta riƙe ƙugu ta ce, "Tukunya biyu kullum? To, wa zai ɗebo mini ruwan?" Kafin ta rufe baki Nomau ya suri tulu ya yi rafi. Ta bi shi da kallo, ta ce, "Ashe mu ne muka ɗaure shi."

Da yamma ya fito da akushinsa a hannu bibbiyu, yana tafiya a hankali. Hannunsa na rawa saboda rashin ƙarfi, miya ta ɗan zuba a bakin tabarma. Sai Habila ya ce, "Kai Nomau! Ka ba ƙasa miya, mu ka kawo mana gaya?"

Nomau ya dube shi ya ce, "Naka ba gishiri."

Aka fashe da dariya. Habila ya ce, "Ku ji mini mutum! Ko ɗanɗanawa bai yi ba!"

"Kullum ba gishiri," in ji Nomau.

Manomin ya fara sa hannu cikin akushin Nomau, sauran suka bi. Nomau ya zauna yana kallon hannuwansu har tuwon ya yi rabi. Sa'an nan ya matso, ya ci nasa, ya ci na manomin, ya ci na Habila marar gishiri har ya suɗe.

Dawar da ke rumbun ba mai yawa ba ce, gonar tsohuwar kuma ciyawa ta cinye ta. Habila ya ce in ana so akushin nan ya ci gaba da fitowa, sai a ceci gonar. Aka kira gayya. Mazan garin suka fito da fartanyoyi, mata suka dama kunu, Nomau yana cikin sahu yana noma kunyarsa. In ya karkace, na kusa da shi ya ce, "Nan, Nomau," ya dawo kan layi. Daga nan aka raba abin. Wannan ya raka shi kasuwa, wancan ya biya masa in za a tafi sujada, Habila kuma ya riƙa kiransa maƙera yana masa zuga.

Bayan kaka Ishaya ya dawo, ya zo da shirin ɗaukar ƙanensa. Ya iso da faɗuwar rana, ya tarar an shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka matsa masa ya zauna. Yana ta waige yana neman Nomau, sai ga shi ya fito daga zaure, wuya ya cika, akushi a hannu. Ya zo ya ajiye shi a gaban wansa, ya buɗe.

Ya ce, "Yaya, sa hannu. Namu ne. Ni na noma."

Ishaya ya dubi tuwon, ya dubi manomin. Ya wanke hannu ya ci. Washegari ya koma birni shi kaɗai.

To, ga abin da wannan misali yake nufi. Nomau shi ne duk wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa a cikinmu da ya girma, amma fahimtarsa tana buƙatar a jira ta. Kun san su. Suna gidajenmu, waɗansu suna zaune a bencin baya ran Lahadi, waɗansu ma ba a fito da su. Tabarma ita ce zumuntarmu. Akushi kuwa shi ne abin da Ubangiji ya sa a hannun kowane mutum domin ya kawo wa 'yan'uwa, gama bai halicci kowa hannu wofi ba.

Rumbun da aka liƙe shi ne alherinmu in ya haɗu da tsoron bakin mutane. Manomin nan ba mugu ba ne, ku lura da wannan. Ya ba da ɗaki, ya ba da nama. Amma ya ce wa ƙaton mutum, zauna a ba ka, kada ka ba kowa. Mu ma haka muke yi. Mu ciyar da su, mu tufatar da su, mu hana su taɓa kome, sa'an nan mu yi mamaki suna ramewa.

Ina yaba wa manomin nan domin da ya gane kurensa bai tsaya kāre kansa ba, ya ɗauki gatari. Ina yaba wa Rifkatu ƙwarai. Fasa rumbu na rana ɗaya ne, tukunya ta biyu kuwa ta kullum ce, ba kuma wanda yake tafa wa mace don ta ɗora tukunya. Habila ma kada ku rena aikinsa. Ba a tsokanar baƙo, sai na gida. Da ya tsokani Nomau, ya shaida wa kowa cewa na gida ne. Ku kuma tuna gida ɗaya ne ya ba shi ɗaki, amma gari ne ya riƙe shi. In kuka bar wa gida ɗaya nauyin nan, zai gaji.

Saboda haka, in kun koma, ku dubi naku Nomau. Kada ku tsaya kan me zai ci. Ku tambaye shi me yake so ya kawo, ku kuma yi haƙuri ku jira amsa. Wataƙila jera kujeru ne, wataƙila kaɗa ƙararrawa, ko tarbar mutane a bakin ƙofa. In ya kawo, ku sa hannu ku ci da gaske.

Abu ɗaya ya rage. Na daɗe ina shakka ko ƙarshen da nake tunawa haka yake, ko tsufa ne ya ƙara mini. Bara, a wurin wani biki, na haɗu da wata dattijuwa, ashe 'yar Habila ce. Na tambaye ta, ta tabbatar mini. Ta ce Nomau ya yi furfura a gidan nan. Ta ce da manomin ya tsufa, hannunsa ya fara rawa har ba ya iya riƙe kwano, Nomau ne yake fitowa da akusan gidan duka biyu. Yakan fara kai na tsohon, ya zaunar da shi, sa'an nan ya koma ya ɗauko nasa.