Wankan Jegon Tautau

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Malam Sadisu ya yi shekara ashirin yana aikin jirgin ruwa a Ikko. Da ya tashi dawowa Funtuwa bai zo da atamfa ko rediyo ba, sai wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. A ciki akwai wata halittar teku da ba ta fi lemon tsami girma ba, hannuwanta takwas, ba ƙashi ko ɗaya a jikinta. Ya raɗa mata suna Takwasa. Kullum sai ya auna gishiri, ya tsoma yatsa ya ji sanyin ruwan, ya ajiye farantin jatan lande a kan murfin akwatin. Ita kuwa tun da ta saka ƙwai a cikin wani fasasshen kasko ta daina cin komai, ta kwanta tana yi musu fifita.

A kusurwar ɗakin akwai Tautau, gizo-gizon nan mai dogayen ƙafafu. Goggo Tabawa, mahaifiyar Malam, ba ta barin yanarsa ta kwana, har ya yi kwana shida ko sauro bai kama ba. Yunwa ta ci shi har ya fara ganin bango bibbiyu. Sai ya ƙirga hannuwan Takwasa, ya ƙirga ƙafafunsa.

"Takwas da takwas, ai zumunci ya ƙullu," in ji shi. "Ni Tautau, wanda ya ci tuwon biki tun kafin a sa rana."

Ya yi birgima a toka ya sauko. Muzuru, wanda ke gadin farantin don ya samu saura, ya tare shi. Tautau ya ce shi ne mijin Takwasa, daga teku ya tako da ƙafa, rana ce ta busar da shi haka. Muzuru ya tambaya me ya hana shi shiga ruwan ya gai da matarsa.

"Haba Muzuru, haihuwar fari ce fa. Kunya nake ji."

Muzuru ya ga ashe ɗan mutunci ne, ya matsa masa. Tautau ya ci har ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa.

Da gari ya waye Zakara ya leƙo ɗakin, ya hango Tautau, ya ga kamar ya samu karin kumallo. Tautau dama ya guntsi shunin wankin Goggo, sai ya fesa masa a ido. Ya ce su mutanen teku tawada suke tofarwa, duk zakaran da ta taɓa kuma, in ya sake cara muryarsa ta koma ta agwagwa. Zakara ya fita a guje, ya kama bakinsa, har mutanen gida suka makara kwana biyu a jere.

A rana ta uku ƙwai suka fashe, 'ya'ya suka watsu cikin ruwa kamar ƙwayar shinkafa. Malam Sadisu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya cika faranti biyu saboda mai jego, ya fita nemo wa jarirai abinci. Nan kwaɗayi ya rufe wa Tautau ido. Ya ga miji ɗan tsakure zai samu, farantan kuwa na mai jego ne. Ya kifa ɓawon lemon tsami a ka don a ɗauka shi ne Takwasa, ya baje a kan murfi yana nishi, Takwasa kuwa tana can ƙuryar kaskonta.

Goggo Tabawa ta shigo ba tabarau. Ta dubi abin da ke kwance, tausayi ya kama ta.

"Wayyo 'yar nan, kin haihu a baƙon gari, ba uwa ba ungozoma. Wato Sadisu ko wanka bai sa an yi miki ba."

Tautau ya ƙanƙance murya ya ce a garinsu da abinci ake farawa. Goggo ta ce wannan can garinsu, a gidanta mai jego ba ta sa komai a baki sai ta gasu. Ta kawo tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta danne shi da yatsa, ta tsoma ganyen ta fyaɗa masa.

Fyaɗar farko ta tafi da toka, ta biyu ta tafi da ɓawon lemo. Muzuru da Zakara, da suka zo barka, suka ga wanda ya mai da su wawaye. Tautau ya fizge ya bar wa Goggo ƙafa guda a hannu. Muzuru ya kai masa duka, Zakara ya kai sara, da ƙyar ya kama bango ya haye, jikinsa duk ya saɓule.

Goggo ta ɗaga kai tana lallashi, ta ce mai jego ta yi haƙuri ta sauko, ai wankan na kwana arba'in ne kawai, safe da yamma.

Tautau ya hura ƙafafunsa bakwai ya ce, "Goggo, ni Tautau ban taɓa barin rabona ba. Amma wannan, na bar wa Muzuru sauran kwana talatin da tara."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓawon lemo.