Kurege da Ƙwaryar Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wani garin dabbobi rani ya yi tsanani. Kullum miyar kuka ake kaɗawa, har yara suka rame. Bushiya tana da 'ya ɗaya tilo, 'yar ma ko tsayuwa ba ta iyawa. Abin ya dami Bushiya ƙwarai. Sai ta bi gida gida tana cewa, "Mu yi lambun gayya a fadama. Kowa ya kawo irin da ya ajiye." Aka tara iri a ƙwarya, aka ba ta ajiya, aka tafi haƙar rijiya.

Kurege kuwa, kun san halinsa. Sai ya ce bayansa ke ciwo. Ana can ana haƙa, ya kwashe irin kuɓewa. Kashegari ya kwashe na yakuwa. Rana ta uku ya share na kabewa. Ƙasa ko'ina ta yi tauri, sai ya riƙa binnewa a bayan gidaje, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Da ya gama kuma ya manta wuraren sarai.

Bushiya ta tarar da ƙwarya wayam. Ta dubi 'yarta, ta dunƙule ta yi ta kuka.

Ana nan, sai tsoho Kunkuru ya yi sallama. Ya ce, "Bushiya, ke kika shuka mini kabewa a bayan katanga? Allah ya yi miki albarka. Da ma ƙafata ba za ta kai ni fadama ba."

Ta ce, "Ba ni ba ce, Baba."

Sai Akuya ta zo da zancen kuɓewa. Sai Zomo ya zo da ganyen yakuwa. Bushiya ta leƙa bayan gidanta, ga shuka ta yi kore shar, ga Kurege yana ta tono yana neman ajiyarsa.

Ta ce, "Kai ne?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai niyyata ke nan tun farko."

Kowa ya fashe da dariya. Bushiya ta ce, "To madalla. Ban ruwa ne maganin ciwon bayan nan." Ta miƙa masa guga.

Aka ci ganye, aka cire sabon iri, aka shuka fadama. 'Yar Bushiya ta sha miyar yakuwa da kabewa har ta murmure. Ranar da ta riga uwarta isa lambu da gudu, Bushiya ta sake yin kuka, amma na murna.

Kun ji, yara, abinci ya fi albarka idan ya kai ƙofar kowa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege.